Yadda Ake Haɗa Kundin Hotuna da Tarihin Iyali da Hannu

Da wuya ki shiga gidan da babu wata leda ko tsohon akwati da aka cusa hotuna a ciki: na biki, na suna, na walimar sauka, wasu sun manne da juna, wasu sun koɗe sun yi ja. A waya kuma ga dubbai nan jibge, babu wanda ya sake buɗe su tun ranar da aka ɗauka. Kundin da za mu haɗa littafi ne na hannu, wanda kowane shafinsa yake ɗauke da hoto, da rubutun da ke faɗin su wane ne a ciki, da 'yan abubuwan da suka rage daga wannan rana, irin su katin gayyata ko ƙyallen anko. Abin da ya raba shi da albam ɗin da mai hoto yake kawowa bayan biki shi ne rubutun nan. Albam yana nuna fuska ne kawai, kuma idan wanda ya san fuskar ya rasu, shi ke nan ta zama baƙuwa a gidan jikokinta.

Liƙa takardu da hotuna a littafi tsohuwar al'ada ce a Ingila da Amurka tun ƙarni na 19. Amma yadda ake yin sa a yau, da kayansa na musamman, ya samo tushe ne a jihar Utah ta Amurka, inda wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundaye 50 na tarihin iyalinta a wani taro kan adana bayanai a birnin Salt Lake a 1980, sannan a 1981 ita da mijinta suka buɗe shagon sayar da kayan wannan aiki a garin Spanish Fork. Daga nan abin ya zama kasuwa mai girma, har ya kai idan kika duba intanet sai ki zaci sai da injin yanka da tarkacen ado cike da ɗaki ake farawa. Ba haka ba ne. Yawancin abin da ake bukata yana shagon kayan makaranta da na ofis, sauran kuma yana gidanki. Da 'yan uwana mata nake magana, domin galibi a hannunmu hotunan gida suke, amma namijin da ya ɗauki aikin nan babu abin da zai canza a cikin matakan.

Ki zaɓi labari guda

Kada ki ce za ki haɗa tarihin zuri'a gaba ɗaya a karon farko. Masu farawa da wannan buri su ne suke gajiya a shafi na uku. Ɗauki abu guda mai farko da ƙarshe: bikin ƙanwarki, shekarar farko ta jaririnki, aikin Hajjin mahaifiya, ko Sallar bara. Shafi 10 zuwa 12 ya isa. Ki samu takarda ki rubuta abin da zai shiga kowane shafi, misali idan biki ne: sa rana, kamu, ɗaurin aure, yini, kai amarya, buɗar kai. Wannan jerin shi zai gaya miki hoto nawa za ki wanke da kwali nawa za ki saya, don haka shi ne gaba da zuwa kasuwa.

Tace hotuna da wanke su

Kowane shafi hoto 2 zuwa 4 yake ɗauka cikin walwala, wato kundi mai shafi 12 ba zai wuce hoto 48 ba. Tacewar tana da ciwo, amma dole ce. Idan an ɗauki tsayuwa ɗaya sau shida, ɗaya za ki ɗauka. Kuma kada ki tsaya ga hotunan da kowa ya ƙame yana kallon kyamara. Wanda aka ɗauki gwaggo tana tuƙa tuwo a bayan gida, ko yara suna wawar alewa, ko kaka tana gyara wa amarya mayafi, irin waɗannan ne za a fi daɗewa ana kallo nan da shekara 20.

Girman hoton da aka saba wankewa shi ne inci 4 da 6, wato kusan santimita 10 da 15. Ki wanke yawancinsu a haka, 'yan kaɗan da za su zama manyan hotunan shafi ki yi su inci 5 da 7. Ki roƙi mai wankin ya haɗa miki ƙananan hotuna biyu a takarda ɗaya, ki raba su da kanki, suna da amfani wajen cike gefe. Wankin situdiyo a takardar hoto ta ainihi ya fi bugun ƙaramar firintar gida juriya, musamman idan danshi ya taɓa shi. Idan an ba ki zaɓi tsakanin mai ƙyalli da marar ƙyalli, ɗauki marar ƙyalli, domin ba ya riƙe shatin yatsa kuma bai cika mannewa da leda ba.

Ga wani abu da ke ɓata wa mutane wanki ba su sani ba. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, ya rage nauyi, a waya yana da kyau amma a takarda sai ya fito dishi-dishi. Ki nemi a turo miki shi a matsayin fayil, ko ki karɓa kai tsaye daga wayar da aka ɗauka ko daga mai hoton. Domin hoton inci 4 da 6 ya fito tas, ana son girmansa a waya ya kai ɗigo (pixel) 1200 da 1800.

Tsofaffin hotunan da babu kwafinsu kuwa, irin baƙi da farin nan na iyaye da kakanni, hukuncinsu daban ne. Ba a yanka su, ba a shafa musu gam, ba a yi musu laminatin. Ki kai a yi musu sikanin mai kyau, ki wanke kwafi, da kwafin za ki yi aiki. Idan suna cikin tsohon albam mai shafuka masu danƙo da leda a sama, irin wanda aka yi yayi tun shekarun 1970, ki yi ƙoƙarin fitar da su, domin wannan danƙon yana cin bayan hoto yana bar masa layi-layin rawaya. Ki zura zaren sakace marar kakin zuma a ƙarƙashin kusurwar hoton, ki riƙa ja hagu da dama a hankali har ya saki. Wanda ya ƙi, ki bar shi a inda yake, ki yi masa sikanin a haka. Gara ya zauna a shafin da ya yage a hannunki.

Kayan aiki

A nan ne nake son ki nutsu, domin kayan da kika zaɓa su ne za su sa kundin ya kai ga jikoki ko ya lalace kafin yaranki su gama firamare.

Na farko takarda. Kin ga yadda jarida take yin rawaya ta bushe ta riƙa karyewa idan ta kwana biyu? Wani sinadari ne da ke cikin itacen da aka yi ta da shi, ana ce masa lignin, da kuma asid, suke jawo haka. Kuma ba a kanta kaɗai ɓarnar take tsayawa ba, tana ratsawa ta kama duk hoton da ya jingina da ita. Don haka ki nemi kwalin da aka rubuta "acid-free" a jikin fakitinsa, idan da hali har da "lignin-free". Takardar zane ta masu fenti da ake sayarwa a shagon kayan zane yawanci haka take, kuma ta fi sauƙin samu. Kaurin da ya dace da shafi shi ne giram 200 zuwa 250, za ki ga lambar a fakitin. Wanda bai kai haka ba yana lanƙwashewa da zarar ya ɗauki hoto uku. Akwai wani alƙalami na gwajin asid, idan kika ja layi da shi a takarda ya zama shuɗi mai ratsin ja to takardar lafiya lau ce, idan ya yi rawaya kuma mai asid ce. Ba dole ba ne, amma idan kin samu yana raba gardama. Kwalin katon mai ruwan ƙasa da kwalin kala mai araha na aikin 'yan nazare, wanda yake koɗewa cikin 'yan watanni, kada su taɓa hoto.

A ƙasashen da wannan aiki ya yi ƙarfi, girman shafin da aka fi amfani da shi shi ne inci 12 da 12, kusan santimita 30 kowane gefe. Ni dai ga mai farawa A4 nake ba da shawara, santimita 21 da 29.7, saboda kwalinsa da ledarsa da fayil ɗinsa duk suna ko'ina, kuma ya fi sauƙin cikawa.

Na biyu ledar da shafi zai shiga. Ba kowace leda ce ke zama lafiya da hoto ba. Wadda aka yi da PVC tana fitar da maiƙo da ke manne wa hoto ya ɗebe masa kala. Za ki gane ta da ƙarfin warin sabuwar roba da ɗan santsi a hannu, kuma alamar lambarta 3 ce a cikin 'yar kusurwa ukun nan ta jikin kayan roba. Wadda ake so ita ce mai alamar PP, lamba 5. Yawancin ledojin fayil na ofis masu huji a gefe irin wannan ne, amma ki duba fakitin kafin ki biya.

Na uku abin liƙawa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Salatif na yau da kullum yana bushewa ya faɗo, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Gam mai kama nan take yana ƙona takarda ya sa ta ƙage. Ƙullin rogo ko na fulawa kuwa gayyatar kyankyaso da gara ne. Abin da za ki nema guda uku ne: salatif mai fuska biyu wanda aka rubuta ba shi da asid, domin kwafin hotuna, gam na sanda, irin wanda ake murzawa ya fito, domin ƙananan takardu, da farin gam na ruwa domin bango da ƙyalle kaɗai. Farin gam kada ya je bayan hoto, ruwan da ke cikinsa yana sa hoton ya yi tudu da kwari.

Ga hoton da ba kya so ki liƙe shi har abada, akwai 'yan aljihunan kusurwa da ake sayarwa, hoton yana shiga cikinsu ta kusurwa huɗu ba tare da gam ya taɓa shi ba. Idan ba ki samu ba, ki yi da kanki: ɗauki farin ambulan mai kyau, ki yanke kusurwoyinsa a karkace kamar santimita ɗaya da rabi, kowace kusurwa ta zama ɗan aljihu. Ki saka su a kusurwoyin hoton, ki shafa gam a bayan aljihunan kawai, ki danna a shafi. Duk ranar da ake son hoton, sai a zare shi lafiya.

Na huɗu alƙalami. Biro yana lotsa takarda, tawadarsa kuma tana iya ratsawa ko ta koɗe. Ki nemi alƙalamin zane mai tawadar da ba ta jin ruwa, irin Sakura Pigma Micron ko makamancinsa, baƙi, mai baki 0.5 domin rubutu da wani mai kauri domin kanun shafi. A bayan hoto kuwa fensir mai laushi ake amfani da shi, 2B ko sama, a rubuta a gefe ba tare da dannawa ba.

Sauran ba su da wuya: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai takarda, wuƙar yanka takarda, rula ta ƙarfe, abin goge fensir, abin huda takarda, da wani faifai ko kwali mai kauri da za ki riƙa yanka a kai don kada ki ɓata tebur. Sitika da furannin roba da ƙyalƙyali ki bari tukuna. Ki gama shafi uku, a lokacin za ki san ko kina bukatarsu.

Haɗa jikin littafin

Hanya mafi sauƙi ita ce fayil mai zobe. Kowane shafi ki gama shi a waje, ki zura biyu baya da baya a leda ɗaya, ki jera a zoben. Amfaninsa shi ne za ki iya sauya jeri, ki ƙara shafi idan wani hoto ya ɓullo daga baya, kuma ledar tana kare shi daga hannun yara. Ki zaɓi fayil mai faɗin ƙeya, domin shafukan suna kumbura idan sun ɗauki kaya.

Ki yi masa riga da atamfa, in son samu ne ragowar ankon bikin da kundin yake magana a kai. Ki wanke ƙyallen tukuna don sitacin ya fita, ki goge shi. Ki shimfiɗa fayil ɗin a buɗe a kan bayan ƙyallen, ki yanka ki bar rarar santimita 3 ta kowane gefe. Shafa farin gam siriri a bangon, ba a ƙyallen ba, ki baza shi da guntun kwali har ya zama babu inda ya taru, in ba haka ba zai ɓullo ta fuskar atamfar. Fara da ƙeya, sannan bangon gaba, sannan na baya, kina rufe fayil ɗin kina buɗewa don ƙyallen ya samu wurin motsi. Ki naɗe rarar zuwa ciki, kusurwoyi da farko, ki rufe ta da farin kwali. Ki ɗora masa littattafai masu nauyi ya kwana.

Idan ɗinki kika fi so, ki huda shafukan huji uku a gefen hagu, ki ja layi da bayan almakashi santimita 3 daga gefen don shafin ya riƙa buɗuwa, ki sa siririn kwali tsakanin kowane shafi biyu a wajen hujin, sannan ki ɗaure da zare mai ƙarfi ko kirtani. Waɗannan siraran kwalaye su ne ke hana littafin hangame baki idan ya cika.

Tsara shafi

Ki wanke hannu ki tsane shi sarai kafin ki taɓa hoto, musamman da hunturu da ake yawan shafa mai. Shatin yatsa mai maiƙo ba ya nunawa a ranar, sai bayan shekaru ya fito ɓaro-ɓaro a fuskar mutum. Ki riƙa kama hoto ta gefe.

Ki ɗauki hotunan shafin ki fitar da guda ɗaya da ya fi ɗaukar labarin. Shi ne babba, shi ido zai fara sauka a kai, sauran rakiya suke yi masa. Ki ɗora shi a kan kwali mai kala, ki yanka kwalin ya fi hoton da milimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, sai ya zama kamar firam. Kalar kuma daga cikin hoton za ki ciro ta: idan amarya ta sa kore da ruwan zinare, to kore ko ruwan madara za ki nema. Kala uku sun ishi shafi, har da ta kwalin ƙasa. Hotunan bukukuwanmu dama cike suke da kala, atamfa da leshi da shadda kowanne yana magana, don haka shafi fari ko ruwan madara ko baƙi ya fi fito da su a kan takarda mai zane.

Yanzu ki jera komai a shafin ba tare da gam ba, kamar yadda ake gwada jeren ɗakin amarya kafin a buga ƙusa. Ki bar santimita ɗaya da rabi a gefuna, tazarar da ke tsakanin hotuna ta zama iri ɗaya, kuma tun yanzu ki ware wurin rubutu da guntun takarda, domin idan kika bar shi sai ƙarshe ba zai samu wuri ba. Ki lura da inda mutanen cikin hoto suke kallo: wanda yake duban dama ki sa shi a hagu, ya zama yana kallon cikin shafin. Idan tsarin ya kwanta miki, ki ɗauke shi a waya, ki sa ɗigon fensir a kusurwoyi, ki kwashe, sannan ki fara liƙawa daga abin da yake ƙasa zuwa na sama. Guntun salatif mai fuska biyu a kusurwa huɗu da ɗaya a tsakiya ya isa hoto. Ki danna da tsumma mai tsabta.

Wajen rage hoto, da rula da wuƙa za ki yanka, almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi. Kuma ki yi hattara da abin da kike zubarwa. Tsohuwar motar da ke bayan mutum, ƙofar zauren da aka rushe daga baya, rediyon da ke kan tebur, kwanukan da ke jere a bango, yau ba komai ba ne, amma su ne za su nuna wa na baya yadda gidan yake. Ni ban cika son yanka hoto ya zama zuciya ko tauraro ba, yana cinye rabin abin da ke ciki, kuma idon mai kallo yana komawa kan siffar ya bar mutanen.

Kada ki ji tsoron fili. Ba dole ne kowane lungu ya samu abin da aka liƙa masa ba. Idan za ki sa ado, ki tara shi wuri biyu ko uku kusa da hotuna, kada ki watsa shi ko'ina.

Rubutu

Idan duk sauran matakan kika yi su sama-sama, wannan kam ki ba shi haƙƙinsa. Kowane shafi ya amsa tambaya huɗu: su wane ne, a ina, yaushe, me ake yi.

Wajen suna muna da matsala tamu ta musamman. Saboda alkunya, mutum yana iya tashi ya girma bai taɓa jin sunan yanka na kakarsa ba, Inna ko Hajiya Babba kawai ya sani. Uwa ba ta kiran ɗan fari, mata ba ta kiran miji, yaron da ya ci sunan kaka an saya masa da Abba ko Ummi ko Walid. A dangi ɗaya za a samu Goggo biyar da Baba Ƙarami uku. Idan kika rubuta "Goggo da Ummi" a ƙasan hoto, ke kin gane, amma jikarki ba za ta gane ba. Ki rubuta sunan yanka, da sunan mahaifi, da laƙabin da aka fi sani, da dangantaka: "Daga dama: Wance 'yar Wane, wadda muke kira Goggon Zariya, ƙanwar mahaifinmu ce uwa ɗaya uba ɗaya." Idan sunan da ba kya iya rubutawa ne don kunya, ki ba 'yarki ko ƙanwarki alƙalamin ta rubuta wannan layin. Kunyar ta tsira, sunan ma ya tsira.

Kwanan wata ki sa shi cikakke, har da shekara, kuma yana da kyau ki haɗa na Musulunci da na boko idan kin san su, misali: Ƙaramar Salla, Kano, Laraba 1 ga Shawwal 1445, 10 ga Afrilu 2024. Tsohon hoton da ba a san ranarsa ba, ki rubuta abin da aka tabbatar: "kafin a haifi Yaya", "shekarar da Baba ya koma Jos da aiki". Idan kintace ne ki rubuta "wajen", kada ki mai da zato ya zama tabbas.

Bayan waɗannan sai labarin kansa, layi uku ko biyar. "An sha biki, an yi farin ciki" bai faɗi komai ba. Ki rubuta cewa ruwa ya sauko ana tsakar kamu aka kwashi tabarmi da gudu, ko wace ce ta yi girkin, ko addu'ar da kaka ta yi wa amarya a bakin ƙofa, da kalmominta yadda ta faɗe su. Ki ɗauki tsofaffin hotunan ki je wurin dattijan gida, ki kunna rikodar waya, ki miƙa musu ɗaya bayan ɗaya ki yi shiru. Hoto yana buɗe bakin tsoho fiye da tambaya. Wannan ziyara kada ki ɗaga ta zuwa wata shekara.

Ki yi rubutun da hannunki, ko da kina ganin bai da kyau. Nan gaba rubutun hannun naki ma abin tunawa ne. Ki fara gwadawa a wata takarda, ki ja layi siriri da fensir a ƙaramin kati, ki rubuta, ki bari tawadar ta bushe sosai kafin ki goge layin, sannan ki liƙa katin a shafi. Ta haka idan kika yi kuskure kati kawai za ki sauya. Wanda ya iya ajami a gidan, a ba shi kati shi ma ya rubuta nasa.

Abubuwan da ba hoto ba

Katin gayyata, sitikar biki, ƙyallen anko, abin hannun da ake ɗaura wa jariri a asibiti, zanen farko na yaro, wasiƙa, duk suna da wuri. Ƙyalle ki yanka shi santimita 5 da 5, ki liƙa da ɗigon farin gam nesa da hoto, ki rubuta na wace rana ne. Katin da ke da rubutu ciki da waje ki yi masa aljihu: yanka ambulan biyu, ki liƙa rabin a shafi, ki zura katin a ciki. Yawancin katunanmu suna ɗauke da Bismillah ko aya, don haka ba a yanka su don ado, kuma guntayen da suka rage a lura da inda za su.

Rasit na na'urar POS da tikitin shiga jirgi ana buga su ne a takardar da zafi ke fito da rubutunta, shi ya sa suke gogewa su koma fari. Wanda kike son adanawa, kamar na tafiyar Hajji, ki yi masa fotokwafi tun yana karantuwa, kuma kada ki kai shi laminatin, zafin injin zai mai da shi baƙi ƙirin. Yankin jarida ma kwafinsa za ki liƙa. Ki cire duk wani fil da ƙarfen maƙala takarda, suna tsatsa da damina. Takardar haihuwa da ta aure da sakamakon makaranta na asali ba na kundi ba ne, kwafinsu ne zai shiga.

Kundi abu ne da ake miƙa wa baƙo, saboda haka ki tuna da wanda zai buɗe shi. Hoton da aka ɗauka a cikin ɗaki tsakanin mata, wata babu mayafi, ki tambaye ta kafin ki sa, ko ki ware wa irinsu kundi na daban.

Ajiya

Zafi da danshi da hasken rana su ne ke kashe hoto. Ki ajiye kundin a tsaye a kan kanta, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da kicin da inda ake turare. Kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bangon da ke tsattsafo, kuma kada a jefa shi saman silin ƙarƙashin kwano. Ki ɗinka masa jakar yadin auduga saboda ƙurar hunturu. Ledar da aka ƙulle tam tana riƙe danshi, ba ta dace da damina ba. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ki tara su ki sa biyu ko uku a jakar, inda yara ba za su kai gare su ba. A tsakiyar damina ki fito da shi ki buɗe shafukan a inuwa ya sha iska, ki duba ko gara ta fara hanya a bayan kantar.

Idan tsautsayi ya sa ruwa ya taɓa shi, ki zare shafukan daga leda nan take, ki shimfiɗa su fuska sama a inuwa, kada ki goge fuskar hoton kuma kada ki kai shi rana ko ki sa masa dutsen guga. Kafin ma a kai ga haka, duk shafin da kika gama ki ɗauke shi a waya da hasken rana na inuwa, wayar tana daidai saman shafin, ki tura wa 'yan uwa biyu ko uku a matsayin fayil, ta yadda sunayen da kika sha wahalar tattarawa za su kasance a fiye da gida ɗaya.